Kwana Ɗari Biyar Ba Haɗari

Kwana ɗari huɗu da casa'in da tara babu wanda ya yi ko ƙwarzane a kamfanin nan. Ni ne shaida, ni nake rataya lambar a allo kowace safiya.

Yau ɗari biyar. Ga ni kan tsani a bakin get, biyar a hannun dama, sifili biyu a na hagu. Babbar difloma kan kiyaye haɗari, ga inda ta kai ni: matakala ta uku.

To ranar Alhamis fa, Zacchaeus? Injin kwaɓa siminti, wajen kwalbatin hanyar Katagum... da rigata na naɗe maka hannu. Yatsu biyu injin ya cinye. Sau biyu na ƙirga sauran, ko za su ƙaru.

Manaja bai musa ba. Mutumin kirki, har shayi ya sa aka kawo mini. "Malam Khalil, ai haɗari sai ya sami ma'aikaci." Lebura kuwa duk kwana tamanin da tara ake sallamarsa, a sake ɗauka ran Litinin, kada ya cika wata uku ya zama ɗan gida. Shekara shida kana sabon ɗauka. Taka sallamar ranar Laraba ta faɗo. Ashe Alhamis ba ka nan. To wa foman ya ƙwala wa kira a gama kwaɓi kafin azahar? Jinin wa matata Dijatu ta kwana biyu tana wankewa daga rigata?

Matarka Priskila na gindin darbejiya tun bakwai. "Malam, takardar fa? Asibitin kamfani sun ce sai da sa hannunka, ga hannun ya fara wari." Sa hannu kawai. In na sa, allo ya koma sifili. Manya kuma sun taso daga hedikwata, an yanka sa, za a sanar da sabon aikin Dambam zuwa Dagauda — har da sunana, wai babban jami'i, da mota... Ba a yi mini barazana ba, Allah ya sani. An dai tambayi lafiyar 'ya'yana, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

In na ajiye biyar ɗin na rataya sifili... ba ma sai na sauka ba. Wanne ya fi nauyi? Duk gwangwani ne. Ko dai akwai babin da aka yi ranar da na ƙi shiga aji — yadda mutum ke rasa yatsu a inda ba ya nan?

Hannuna ya gaji. Priskila ba ta daina kallona ba.

Can ciki ana raba kaya saboda hoto: hular kwano, riga mai ƙyalli, safar hannu, karo na farko tun da aka fara aikin. Mai sito tsohon jerin sunaye ya bi, shi ba a gaya masa ba ka nan ba.

Taka safar tana aljihuna. Yatsu biyar-biyar gare ta.