Duhu na Biyu

…ga shi kuwa sun kashe fitilar. Gilashin ƙofar ɗakin tiyata ya yi baƙi ƙirin. Yanzu ake dubawa. Ta sani mana, ba aikinta ba ne? Kullum ita ke tsaye kan na'urar. A yi wa mutum allurar ruwan da ke sa ciwo ya yi haske, a buɗe ciki, a kashe wuta, duk inda ciwon daji ya laɓe sai ya fito kore shar a allo. Yau kuwa an ajiye ta a benci kamar 'yar rakiya. Wai matar majinyaci ba ta shiga. To ko ta shiga me za ta tsinana?

Ita ta jawo shi, ita da bakinta. Baban yara, ana gwajin sabon maganin kitsen jini a asibitinmu, ka shiga mana, kai da ba ka iya ganin maiƙo ka kau da kai… Mutum yana zaman zamansa, da tumbinsa da dariyarsa. Garin awon kitse aka hango wani abu a hanji. Da bai zo ba fa? Da abin yana nan dai, yana cinsa a ɓoye — kai, bari. Bari kawai.

Ɗazu ana tura shi a gado, bakin nan bai mutu ba: "Ashe yau zan yi haske, uwargida. Kin huta da neman tocila." Kuma ta yi dariya. Wallahi ta yi.

An kunna.

To. To… In wuri ɗaya ne za su yanke, su sake kashe wuta su ga ko an bar saura. Haka ake yi. Duhu na biyu shi ne alheri. In kuwa koren ya watsu ko'ina — irin na wani dattijo da suka taɓa yi wa aiki, ranar da likita ya ce a ɗinke kawai, ita kuma ta naɗe wayar na'ura ba ta kalli kowa ba — ba a sake kashewa. A duba me?

Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa. Auta ya ce a tuna wa Baba gyaran kekensa. Yana can jingine a bayan ƙofa, sarƙa a zube. Wa ya iya mayar da sarƙar keke? Ita dai ba ta iya ba.

Mai shara ta wuce da bokiti. "Sannu Anti, Allah ya tashi kafaɗunsa." Ta amsa kuwa? Oho.

Ai yanka yana cin lokaci. Likitan nan ba ya gaggawa, shi ya sa. Ko kuwa ɗinki yake… a'a. Ita da ko barci ba ta yi sai da fitila a kunne, har Baban yara yana mata tsiya, yau ga ta tana roƙon duhu. Ku kashe. Don girman Allah ku kashe mana…

Gilashin yana nan fari tas. Idonta ya fara zafi, ta kasa ƙiftawa.