Jan Gashin Nuala

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, irin na yankinmu, Leitrim, da ba ya ɗaukewa. Saura kwana goma sha ɗaya Nuala, 'yar yayata, ta karɓi Jibin Ubangiji na farko a coci. Shekara biyu tana tara jan gashinta saboda wannan rana.

Na shigo daga garke na tarar Yaya Bríd tana taje mata kai. A bayan kunnen yarinyar akwai jan tabo, da farin ɓawo a kansa.

Na ce, "Makero ne. Kullum ina ganinsa a fuskar maruƙa. Magen nan tata ce ta kwaso mata."

Yaya ta ce, "Sannu, likitan shanu! Kai da ko jarrabawa ba ka tsaya ka rubuta ba? Juma'a za mu ga likitan mutane."

Ni ban iya jira ba. Halin nan ne ya fitar da ni daga makaranta, shi ya raba ni da aiki uku. Tana tafiya aiki na ɗauko injin da nake aske wa shanu wutsiya.

Nuala ta ce, "Kawu Fintan, gashin zai fito kafin ranar?"

"Har ya fi na da, sarauniya. Sunkuya."

Na aske tas, na shafa mata aidin, tana cije leɓe. Magen kuwa na kai ta kasuwar shanu, na ba wani mutum da ban tambayi sunansa ba.

Ran Juma'a likita ta duba kan, ta duba gwiwar hannunta da faratanta. Ta ce makero yana karya gashi, wannan kuwa ɓawonsa kauri ne, fari kamar azurfa. Ciwon fata ne da ake kira soriyasis, ba a ɗaukarsa a jikin kowa, sau da yawa a jini yake. Magani na shafawa ya isa.

Sai likitar ta ce, "Wa ya aske ta?"

Baba, da ya kawo mu a mota, ya naɗe hannun rigarsa a hankali. Ga tabon nan a gwiwar hannunsa, iri ɗaya sak. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya, ban taɓa tambayar me ya sa ba ya sa riga mai gajeren hannu ko lokacin yankan ciyawa ba.

Nuala ta je coci da farin mayafi a kan ƙwaryar kanta. Ta ƙi tsayawa a yi mata hoto.

Abin da aka rasa: gashin shekara biyu, mage ɗaya da na nema a kasuwa sau huɗu, hoton ranar, da kuma "Kawu". Yanzu Fintan kawai take ce mini.