Alli a Kan Taya

Da aka buɗe iyakar Saudiyya bayan shekara uku da rabi tana rufe, Issifu kamfaninsu na Mu'aither, a gefen Doha, ya tura can ya ɗauko dashen itatuwan da za a kafa kewayen filin ƙwallo.

Nasidi, Bakanon da ke rabon aiki, bai ɓoye masa komai ba. "Baba Issifu, kafil, mai kamfani, ya ce shekarunka sun ja. In dashen nan ya iso Doha da ransa, a sabunta maka takardar zama. In ya bushe, khalas, sai ka koma gida Kumasi."

"Ina jan tirela Tema zuwa Yamai kana rarrafe," in ji Issifu. "Ba ni makulli."

Tafiya lafiya. A dawowa ya tarar da motoci sun cushe bakin iyaka, kowa na tura hanci gaba, ba mai motsi. Takardarsa ta gwajin korona kuwa da la'asar za ta mutu. In ta mutu sai sabon gwaji, kwana biyu a rana, kuma dashe ba ya jira.

Ya ga irin wannan a iyakar Paga, ya kuma ga yadda sarkin tasha ke warware ta. Ya ɗauko allin da yake yi wa taya alama, ya ja takunkuminsa, ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Larabcinsa bai fi cikin cokali ba, sai hannu: nuna takarda, nuna agogo. Wanda tasa ta fi kusa mutuwa, ya rubuta masa ɗaya a taya, mai bi masa biyu, haka har ƙarshe.

Aruna, wani direba ɗan zangon Nima, ya leƙo ta taga. "Tsoho, wa ya naɗa ka sarki a ƙasar mutane?"

"Uwarka ce ta naɗa ni. Kawo takarda."

Wani ƙaton ɗan Pakistan ya ƙi, yana nuna Issifu da yatsa, wai dabara ce ya shige gaba. Issifu ya ja shi har gindin motarsa. Goma sha ɗaya ya rubuta wa kansa. Mutumin ya duba takardar, ya duba tayar, ya koma ya ja motarsa gefe.

Jami'in tsaron da ya zo ganin abin da ya kashe hayaniya ya bi lambobin da ido. Ya yi magana a oba-oba da takwaransa na ɗaya ɓangaren, sannan ya ɗaga hannu. "Yalla, wahid!" Mai lamba ɗaya ya shige.

Ana kiran la'asar aka buga wa Issifu hatimi.

A Mu'aither, Nasidi ya hau bayan mota, ya murza ganye, ya tura yatsa cikin ƙasar dashen. Da sauran danshi. Ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Baba, kawo fasfo ɗinka."