Zama a Kan Koren Dutse

Tun daga saman tudu Roi Ji ta hango mijinta zaune a gindin tarin ƙasa, ruwa na dukansa, ya yi zuru kamar mai jiran aski. Sauran masu tsintar dutse duk sun yo sama suna haki. Kwana huɗu ke nan ana sheƙa ruwa a Hpakant, garin haƙar koren dutse mai tsada, kuma tun safe tarin da motocin kamfani ke juyewa ya fara tsattsafo da jan ruwa ta ƙasa. Kowa a nan ya san abin da ke biyo bayan haka: zaftarewar ƙasa.

"Mijinki ya zare," in ji mai shayin bakin hanya. "Wai ya samu."

Roi Ji ta ajiye kwanon shinkafar da ta kawo masa, ta tattare zane ta gangara, taɓo har gwiwa. Tana tafe tana zaginsa a zuci, don tsoro ya riga ya cika mata ciki.

"Baban Seng, tashi mu tafi."

La Ring, mijin nata, ko gezau. Dutsen da yake zaune a kai ya yi girman turmi, baƙi ƙirin, ba abin da zai sa ka kalle shi sau biyu. Ya ɗaga 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa gefensa. Dutsen banza amonsa a dushe yake. Wannan kuwa sai ya yi ƙara siririya kamar ƙarfe, gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ya tofa yawu inda ya ɓantare, ya goge da babban yatsa. Kore shar.

"Shekara goma sha ɗaya ina bugun duwatsu," ya ce. "Kin taɓa jin wannan kukan a hannuna?"

"Kukan da na sani na matan da aka tono wa mazaje bara ne. Waiwaya ka ga bayanka."

Bai waiwaya ba, kuma ta san dalili. Doka ɗaya ce a wurin nan, ba a rubuce take ba amma ba mai ƙetare ta: dutsen da ya fi ƙarfin ɗauka na wanda ke zaune a kansa ne. Ka ɗaga ko don fitsari, ya zama na wani. Ga shi kuwa can gefe wani tsamurarren matsinci, Ko Tint, ya tsuguna ƙarƙashin leda yana taunar ganyen da ake ci a nan kamar goro, bakinsa jawur.

"Ja shi ku tafi, baiwar Allah," in ji Ko Tint. "Ni sai in kula muku da shi."

"Kin ji ungulu ko?" La Ring ya ce.

Roi Ji ta dubi mijinta. Ta san taurin kansa, roƙo ba zai ɗaga shi ba. Sai dabara ta faɗo mata.

"To wa zai ɗaukar maka? Kowa ya gudu. Matsa in zauna, ka hau ka kira ƙannenka su zo da igiya da gora. Ka fi ni sauri."

A ranta kuwa ta gama shiri. Yana kaiwa sama za ta tashi ta bi shi. Ya yi fushi, ya ƙaurace mata shekara in ya so, in dai da ransa.

Ya dube ta. Sannan ya zame a hankali, ita kuma tana shiga, don kada dutsen ya zauna ba kowa ko na ƙiftawar ido. Ya danƙa mata gudumar, ya kama hawa, yana zamewa yana tashi, har ya koma ɗan mitsitsi a bakin tudu.

"Ya kai," in ji Ko Tint, wanda ya matso taku uku ba ta lura ba. "Tashi mana. Na san wannan dabarar, tawa matar ma ta yi mini. Wanda ya hau dutsen bayan na tashi, yau bene gare shi a birnin Mandalay."

Ta dafa za ta miƙe, sai tafinta ya sauka a inda dutsen ya ɓantare. Sanyi ƙalau, sumul. Seng ta faɗo mata a rai, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, da ke wankin kofuna a shagon shayi direbobi na bin ta da ido. Ta tuna Putao, garinsu, da gonar lemon da suka bari da niyyar damina ɗaya kawai za su yi a nan. Haushi ya turnuƙe ta. Wato wannan jan bakin ne zai kwashe?

Bayanta tarin ƙasa ya yi gurnani kamar cikin mai yunwa. Tsakuwa ta fara gangarowa tana wuce ƙafafunta.

Daga sama La Ring ya juyo. Sai yanzu ya ga tarin daga inda ita ta gan shi ɗazu, da tsagar da ta ratsa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bai je kiran kowa ba. Hannu yake ta ɗagawa, iska na kawo muryarsa gutsi-gutsi.

"Maman Seng! Bar shi! Taho!"

Roi Ji ta dubi Ko Tint. Ya tofar da jan yawu, ya ƙara matsowa taku ɗaya. Ta yi wa mijinta alama da hannu ya je ya kira ƙannensa, sannan ta gyara zama.