Amsar Malam Tukur

Yahuza ya kawo mahaifinsa, Malam Tukur, daga Kudan zuwa wani asibiti a Zariya domin a auna jinsa. Tsohon ya dage cewa kunnensa ƙalau, tunda duk wanda ya gaishe shi yakan samu amsa daidai.

Wata ma'aikaciyar asibitin ta sanya masa abin sauraro a kunne, ta yi masa bayani cewa ya maimaita duk kalmar da ya ji. Sannan ta kare bakinta da takarda.

"Gero," in ji ta.

"Lafiya lau."

Ta ƙara sauti. "Tulu."

"Madalla, 'yata."

Cikin kalmomi ashirin, biyu kacal ya kama. Ta dubi Yahuza ta ce, "Ya daɗe ba ya rarrabe magana. Jerin gaisuwa ya riƙe, shi yake bi."

Yahuza ya tuna ranar da ya durƙusa a zaure bara, ya nemi gafarar sayar da gonar marigayiya mahaifiyarsa ba da shawara ba. Tsohon ya ce masa, "Madalla." Shekara guda ke nan Yahuza yana jingine da wannan kalma.

A mota ya matso kusa da kunnensa. "Baba, ka yafe mini?"

"Lafiya lau," in ji tsohon, idonsa a kan hanya.