Wace ce Mairo Bobbo?

A shekarar da kantoman soja ya ba makarantarmu kwamfuta, mai ya yi wuya, sai ranar Alhamis kawai ake tayar da janareto. Malam Istifanus, sabon malamin kimiyya da aka turo daga Kaduna, ya zo da wani faifai mai koyar da daidaita lissafin redoks, wato inda wani sinadari ke sakin elektaron wani ya karɓa. Idan ka yi daidai kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya, idan ka kuskure sau biyu. Amma kafin komai sai ta tambayi sunanka.

"Duk abin da kika buga, barikin Kaduna yake tafiya," in ji ƙawata Philomena. "Ki dubi takalmin Malam mana. Malamin da bai ga albashi ba zai sa irin wannan?"

Tun da aka tsare Baba kwana tara saboda yajin aikin malamai, ya ce da ni, "Cecilia, kada ki sa sunanki a kan komai." Don haka na ƙirƙiri suna, Mairo Bobbo. Duk Alhamis Mairo tana raba lissafin gida biyu, ta cike oksijin da ruwa, ta daidaita elektaron, kwamfuta ta yi ƙara ɗaya.

Wata safiya Malam ya shigo da takarda.

"Wadda ta fi maki a kwamfuta ita za ta wakilce mu a gasar kimiyya ta Makarfi. Wace ce Mairo Bobbo? Babu ita a rajista."

Philomena ta taka min ƙafa. "Tarko ne," ta raɗa min.

"Zuwa tashi," ya ce, "in ba ta fito ba, ta biyu za ta tafi."

Shekara biyu ina mafarkin gasar nan. Da aka tashi na tsaya a ƙofar ofis.

"Malam, ni ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ce ta uku da ta faɗi haka yau." Ya miƙo min alli, ya rubuta lissafin sinadarin famanganet da ƙarfe a allo. Na raba shi gida biyu, elektaron biyar suka fito a kowane gefe.

"To, Hajiya Mairo," ya ce yana dariya, "me ya kawo ɓoye-ɓoye?"

"An ce kwamfutar tana kai rahoto bariki, Malam."

"Wannan? Ko waya ba ta da ita. Ɓera ma ya ci wayar firinta."

Ya turo min fom: suna, sunan uba, sana'ar uba. Na dubi Malam, shi ma yana kallona. Ban yarda da shi duka ba, har yau. Amma Makarfi nake so, sai na rubuta Cecilia Barnaba, na danna biro sosai, na mayar masa da fom ɗin.