Layukan da Magini Ya Miƙe

Jikarsa na fita ɗebo ruwa, Magini ya jawo kwamfutarta gabansa. Tun safe yake zaune a bakin ƙofa yana kallonta ita da Akawu, kakanta na wajen uwa, sun haɗa kai a tebur suna ta dariya. Wai don Akawu ne ya saya mata na'urar! Shi Magini, da bene ya taɓa rufto masa ya fito yana kaɗe riga, wanda bai taɓa shiga aji ba amma rabin gidajen unguwar nan aikin hannunsa ne, shi za a bari a bakin ƙofa kamar takalmi?

Akawu na gyangyaɗi. Magini ya dubi rubutun da ke kan allon kwamfutar: wani layi ya shige ciki, wani ya fito waje. Da lebura ne ya jera masa bulo haka, da a ranar ya sallame shi. Ya riga ya lura da inda take dannawa in za ta ja layi baya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefen hagu, sambal, kamar an ja igiya.

Jikar ta dawo ta danna, allon ya cika da jan rubutu mai nuna kuskure.

"Wa ya taɓa min aiki? Yau fa zan tura wa kamfani!"

"Mijinki na gaskiya," in ji Magini yana dukan ƙirji. "Wancan yana barci katangarki ta karkace."

"Wayyo Tsoho! A wannan harshen na kwamfuta, shige da ficen nan shi ne ginin. Layin farko ke kafa iyaka. Wanda ya fara daidai da shi, ɗan'uwansa ne. Wanda ya shige dama, ci gaban na sama ne, ɗansa ke nan. Wanda ya fito hagu ya bar gidan. Kai duk ka koro su waje!"

Akawu ya farka yana ƙyaƙyata dariya. "Rabu da shi, matata. Bulo ya zata."

Ta shiga mayar da layukan. Magini ya waiwayi kujerarsa, can ita kaɗai a bakin ƙofa. Ya kinkimo ta, ya dire a jikin tebur, ya tura ta har ta wuce ta Akawu.

"Tsoho," ta ce ba ta ɗago ba, "ka shige ciki. Ka zama ɗan Akawu."

Magini ya zabura ya ja kujerar baya. Ya rufe ido ɗaya, ya auna ƙafarta da ta Akawu, sannan ya zauna.

"Janye gwiwarka," ya ce wa Akawu. "Ta wuce layi."